Ina son sa Windows XP a kan kwamfuta saboda injin surfani, amma allo yana komawa shuɗi

Mai Surfani, Fagge:

Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinkin kwamfuta a Fagge, kuma injin surfanin da muke yi wa manyan riguna aiki da shi tsoho ne, manhajarsa ba ta tashi sai a kan Windows XP, sannan tana da wani ɗan makulli da ake sokawa a faffaɗan ramin firinta na bayan akwati, wanda idan babu shi ba za ta buɗe ba. Makon jiya faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar ya fara ƙara kamar agogon bango, daga nan ya mutu. Na je Beirut Road na sayi Dell OptiPlex 780 ta hannu, domin na ga tana da irin wannan rami. Da na sa faifan XP sai ya fara loda fayiloli lafiya lau, amma kafin ya kai inda ake zaɓar wurin da za a sauke shi sai allo ya koma shuɗi, da lamba 0x0000007B a ƙasa. Na gwada sau huɗu. Ga rigunan mutane a jibge, biki ya matso. Shin kwamfutar ce ke da matsala, ko faifan?

Mai Gyara, Beirut Road:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, mai yiwuwa babu abin da ya sami kwamfutarka. Windows XP ya fito a 2001, lokacin da faifan ajiya yake magana da kwamfuta ta tsohuwar hanyar IDE, saboda haka faifan girkinsa bai san sabuwar hanyar AHCI da kwamfutocin da suka zo daga baya suke amfani da ita ba. Idan ya zo neman wurin da zai sauka bai gan shi ba, sai ya tsaya da wannan lamba da ka gani.

Ka kunna kwamfutar, ka dinga danna F2 har BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, ya buɗe, ka nemi inda aka rubuta SATA, ka mayar da shi daga AHCI zuwa ATA, ka adana, sannan ka sake farawa daga faifan XP. A da ana danna F6 a ba shi direba, wato ƙaramar manhajar da za ta sa ya gane faifan ajiyar, daga fulofi, tsohon ƙaramin faifan nan, amma yanzu samun fulofi mai rai a Kano ya fi gyaran wahala. Ka tabbatar faifanka yana ɗauke da Service Pack 3, kuma ka guji irin waɗanda aka yi wa kwaskwarima aka canza musu kala da suna, domin ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Idan ka sami faifan XP na kamfanin Dell kansa ya fi, saboda a kan kwamfutar Dell ba ya neman a tabbatar da lasisi, alhali na gama-gari yana ba da kwana 30 ne kawai. Kada kuma wani ya sa ka sayi RAM mai yawa. XP mai bit 32 ba ya ganin fiye da gigabait uku da ɗoriya.

Malamar Kwamfuta, Gwale:

Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai ina so Alhaji ya san abin da yake shigarwa shagonsa. Microsoft ya daina fitar wa XP da gyaran tsaro tun ranar 8 ga Afrilu, 2014. A watan Mayu na 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, kamfanin ya fitar masa da faci na musamman, kuma irin wannan ba abin da za a zauna ana jira ba ne. Chrome ya tsaya masa a lamba 49, Firefox a 52, shi ya sa shafuka da yawa ba sa buɗewa. Me zai hana a sa sabon tsari, a ajiye XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani tsari a cikin wani, ya zama ɗaki a cikin ɗaki? Haka nake yi wa ɗalibaina idan muna son duba tsohuwar manhaja.

Mai Gyara, Beirut Road:

Malama, da manhajar ce kaɗai da na goyi bayanki ɗari bisa ɗari. Matsalar ita ce makullin nan na ramin firinta. Na sha gwadawa, kuma sau da yawa manhajar da ke cikin VirtualBox ba ta ganinsa, balle a ce an yi amfani da wayar da ke mayar da ramin zuwa USB, wadda firinta kaɗai take yi wa aiki. Mutumin da abincinsa ya rataya a kan injin nan ba zai so a yi gwaji da shi ana saura kwanaki biki ba.

Abin da na yarda da shi a maganarki shi ne kada wannan kwamfuta ta taɓa ganin intanet. Alhaji, ka ɗauke ta a matsayin wani sashe na injin, kamar allura ko kwarkwaro. Kada a soka mata waya, kada yaran shago su yi cajin wayoyinsu a jikinta. Babbar ƙofar ɓarna a wurinmu ma filas ce. An taɓa kawo mini wata kwamfuta daga wani shagon surfani, duk jakunkunan zane sun ɓace sun koma gajerun alamu, mai ita har idonsa ya yi ja, ashe filas ɗin wani abokin ciniki ce ta shigo da cutar ta ɓoye su. Ka ware filas guda ɗaya ta shago, a riƙa bincika ta a sabuwar kwamfuta kafin a kawo zane, kuma a kashe tsarin da ke buɗe filas da kansa.

Da zarar komai ya zauna, manhaja ta ga makulli, inji ya ɗinka gwaji, ka sa a kwafe faifan ajiyar gaba ɗaya zuwa wani faifan na biyu ka kulle a durowa. Ka canza ƙaramin batirin agogo, CR2032, domin idan ya mutu BIOS zai iya mantawa da saitin da ka yi, shuɗin allon ya dawo. Sannan ka haɗa kwamfutar da UPS, na'urar da ke riƙe mata wuta idan an ɗauke, ka kuma riƙa hure mata ƙura, musamman da hunturu.

Mai Surfani, Fagge:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Malama. Na mayar da shi ATA bayan sallar azahar, kuma girkin ya wuce wurin da yake tsayawa, yanzu haka manhajar ta ga makullin. Hoton allon ne ya yi manya-manya, ina jin direban hoto ne ya rage. Gobe in Allah ya kai mu zan aiko yaro da faifai na biyu da batirin. Zanen da suka tafi da tsohon faifan su ne ke damuna, domin akwai na aska takwas da na shekara ina gyara shi. Injiniya, ko akwai dabarar ceto wani abu daga faifan da yake irin wannan ƙara?