Saƙonnin ETW suna makara a seshon na kai-tsaye, sai bayan minti 8 suke zuwa

ɗan_Bolari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da manhajar lissafin kaya ta wani shagon sarin magani a nan Gombe. Wanda ya rubuta ta ya bar gari, ni na gaji aikin. Mai shagon kullum kukansa kwamfutar kanta tana sandarewa in an zo fitar da rasit, shi ne nake so in riƙa ganin abin da manhajar take yi a daidai lokacin. Tana fitar da saƙonnin ETW (Event Tracing for Windows, hanyar Windows ta tattara bayanan abin da manhaja take yi), akwai kuma wani ɗan shiri na C++ da ke buɗe seshon (zaman tattara saƙonnin) da StartTrace a yanayin EVENT_TRACE_REAL_TIME_MODE, ya kunna da EnableTraceEx2, ya saurara da ProcessTrace.

Yarinyar da ke kan kanta za ta danna rasit, firinta ta yi ƙara, takarda ta fito, mai saye ya kama gabansa, allona kuwa ko layi ɗaya babu. Can sai saƙonnin su zubo gaba ɗaya, kowanne da lokacinsa daidai. Tsakanin zubowa da zubowa kamar minti 8 ne. Saitin da na tarar: BufferSize 1024, MinimumBuffers 4, MaximumBuffers 16, FlushTimer 500. Windows 10 ce, firosesa 8 take nunawa.

Abu na biyu, in na rufe shirin da Ctrl+C na sake buɗewa, StartTrace yana dawo min da lamba 183, sai na kashe kwamfutar na kunna. Ina zan fara dubawa?

Injiniya_Wunti:

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsar tana cikin lambobin da ka kawo. FlushTimer da daƙiƙa ake ƙirga shi. Mutumin naka ya ɗauka rabin daƙiƙa ya sa, alhali daƙiƙa 500 ce, wato minti 8 da daƙiƙa 20.

ETW ba ya miƙa saƙo ɗaya-ɗaya. Cikin bafa, wato ma'ajin wucin gadi a memori, yake tarawa, bafar kuma ba ta isowa gare ka sai ta cika ko agogon nan na FlushTimer ya buga. Kamar motar Gombe ce a tasha nan Bauchi: ko ta cika ta tashi, ko direba ya ga lokaci ya yi ya tafi da wanda ya samu. To taka motar babba ce, fasinja kuma ƙalilan. BufferSize da kilobayit yake, 1024 megabayit guda ke nan. In saƙonka ɗaya bayit 200 ne, sai an tara sama da 5,000 kafin bafa ɗaya ta cika. Kuma kowace firosesa da tata bafar, don haka wuri 8 ake lodi lokaci guda. Shagon magani yaushe zai cika wannan?

Mai da FlushTimer 1, BufferSize kuma 64 ya ishe ka.

Ita 183 sunanta ERROR_ALREADY_EXISTS. Seshon na Windows ne, ba ya mutuwa don shirinka ya mutu. Buɗe cmd da izinin admin ka buga logman query -ets, za ka gan shi zaune. Ka tsayar da shi da logman stop, sunan seshon, sai -ets. A cikin shirin kuma, da ka ga 183 ka kira ControlTrace da EVENT_TRACE_CONTROL_STOP ka sake farawa. Kada ka ce za ka riƙa canza masa suna don ka kauce wa lambar, na ga masu yin haka. Yawancin kwamfutoci seshon 64 kacal suke ɗauka, kowanne kuma yana riƙe da memori.

Sarkin_Waya_Pantami:

Yallabai ni a ganina ya sa 0 kawai. Babu agogo, babu jira, saƙo na fita yana gani.

'yar_Tumfure:

A'a Malam, 0 ba haka take aiki ba, ma'anarta ma biyu ce. A seshon na kai-tsaye, 0 tana komawa daƙiƙa 1, daidai da abin da Injiniya ya ce. A seshon mai rubuta fayil ɗin etl kuwa 0 kashe agogon take yi, bafa ba ta sauka sai ta cika ko an tsayar da seshon ko an tilasta mata. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne: duk abin da ke cikin bafa yana memori ne, wuta na tafiya ya tafi, kuma sau da yawa saƙonnin ƙarshen nan su ne waɗanda kake nema.

Amma kada a zaƙe. Bafar da aka sauke ba ta cika ba, cikakken wurinta take ci a fayil. Ka haɗa bafar megabayit guda da agogon daƙiƙa 1 a firosesa 8, kafin la'asar ka ga fayil ya kumbura, cikinsa kusan fanko.

In daƙiƙa 1 ta yi maka yawa, akwai EVENT_TRACE_USE_MS_FLUSH_TIMER a cikin evntrace.h, yana sa a karanta lambar da milidaƙiƙa. Ni dai ban ga abin da rasit zai yi da shi ba.

ɗan_Bolari:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Yaya. Na sa 1 da 64, yanzu kafin takarda ta gama fitowa saƙon yana allo. Na kuma tarar da tsohon seshon ɗin a logman kamar yadda aka ce.

Sai dai wata ta taso. Da na ɗaga matakin yawan bayanin da ake tattarawa zuwa 5 don in ga komai, da yamma da masu kemis na ƙauyuka suka cika shagon, lambar jerin saƙonnina ta riƙa tsallake, daga 4120 sai 4188. In ƙara rage agogon ne?

Injiniya_Wunti:

Bar agogon nan ya huta, ba ruwansa da wannan. Shi makara yake magani, ɓacewar saƙo kuma daga bafa take ko daga mai karɓa. Kira ControlTrace da EVENT_TRACE_CONTROL_QUERY ka duba EventsLost da RealTimeBuffersLost. In ta farko ce ke hawa, saƙo ya zo bai samu bafar da babu kowa ba. ETW ba ya tsayar da manhaja don jiran wuri, yar da saƙon yake ya ƙirga. In ta biyu ce, bafar ta cika amma ba a iya miƙa maka ita ba.

Duba lambobinka. ETW yana ware aƙalla bafa 2 wa kowace firosesa, 16 ke nan a wurinka, kai kuma iyakarka 16, babu rara ko ɗaya. Dā manya ne, yanzu ka rage girmansu ba ka ƙara yawansu ba. Kai MaximumBuffers 128, duka-duka megabayit 8 ne.

Sannan me EventRecordCallback ɗinka, wato ɓangaren shirin da ke karɓar kowane saƙo, yake yi? Ina zargin yana buga kowane saƙo a allo, ko ma yana rubutawa cikin rumbun bayanai. ProcessTrace ba ya ba ka na gaba sai ka gama da na hannunka. Kwafe saƙon ka jefa a layi, wani zare daban ya yi rubutun. Matakin 5 kuma ka tace shi da MatchAnyKeyword, ka bar na firinta kaɗai, tunda can ake kuka.

ɗan_Bolari:

Duka biyun yake yi, Injiniya, allo da rumbu. Yau da dare in an rufe shago zan raba su. Gobe zan liƙa lambobin biyu a nan, kafin cunkoso da bayansa.