Neman Hausar "ghosting"

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana neman Hausar "ghosting", kalmar da ta yaɗu a bakin matasan Amurka har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita a 2017. Ana cikin soyayya ko abota lafiya lau, sai ɗaya ya daina ɗaga waya, ya daina amsa saƙo, ba faɗa, ba sallama.

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Don Allah a bar maganar fatalwa, ko da yake daga nan Turancin ya samo asali, domin "ghost" fatalwa ke nan. A wurin Bahaushe fatalwa fitowa take yi ta tsorata mutum, wannan kuwa ɓacewa ce. Ni ina ganin layar zana ko ɓatan dabo.

Malamar Hausa: Malam, layar zana ta fi dacewa da wanda ya ci bashi aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Wanda muke magana a kai yana nan ana ganinsa. Ka tura masa saƙo a WhatsApp, alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ya karanta ke nan, ga shi yana ɗora hotuna, amma kai shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abin da ya fi ciwo ke nan, kuma dole kalmar ta ɗauke shi.

Mai fassara: To, ɗauke ƙafa fa?

Malamar Hausa: Ta yi kusa, sai dai tana buƙatar a ce da ma akwai zuwa, kamar saurayin da ya daina zuwa zance. Waɗanda suka haɗu a intanet ba su taɓa taka gidan juna ba. Yin gaba da mutum kuma sai an yi saɓani, kowa ya san dalili. Shariya ta ɗan lokaci ce, ana iya yi wa mutum ita yau a gaisa gobe.

Ɗan jarida: Matasa sun riga sun ba mu: ɗauke wuta. Lokaci guda take faruwa, ba gargaɗi, ka zauna kana jiran a dawo da ita. Sharaɗin kawai a ambaci wanda aka yi wa, domin "an ɗauke wuta" tsura lantarki kowa zai fahimta. A ce "ya ɗauke mata wuta", ko "kamfanin ya ɗauke wa masu neman aiki wuta bayan ganawa".

Malamar Hausa: Na amince. A kanun labari sai a rubuta "ɗauke wa mutum wuta". Idan har lambar ma ya canza, a nan layar zanar Malam ta shigo.