Tambaya: gulukos ɗin da ke jikin stevia, ina yake zuwa in an sha?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Mahaifina na fama da ciwon suga, ga shi ba ya iya karyawa sai da shayi mai zaƙi. Ƙanina ya kawo masa garin stevia, wanda ake samu daga wani ganye mai zaƙi ana amfani da shi maimakon sukari, yana ɗan barbaɗawa a shayi da kunun gyaɗa. To sai wata ƙawata da ta karanci kimiyya take ce min ai zaƙin ganyen nan ma akwai gulukos manne a jikinsa. Wallahi tun lokacin hankalina bai kwanta ba. In da gulukos a ciki, ta yaya sugan Baba ba zai hau ba? Masana ku taimaka.

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, amma ba ta ƙarasa miki bayanin ba. Manyan sinadaran da ke sa ganyen zaƙi biyu ne, stevioside da rebaudioside A. Kowannensu yana da ginshiƙi guda mai suna steviol, na farkon da gulukos uku a jikinsa, na biyun da huɗu. Sai dai irin ɗaurin da ya riƙe su, yawu ba ya kwance shi, ruwan ciki ba ya kwance shi, ƙaramin hanji ma haka. A can ƙaramin hanji kuwa ake tsotse suga zuwa jini. Saboda haka yadda Baba ya haɗiye shi, haka zai wuce har babban hanji.

Nan ne aikin yake. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin kowannenmu, musamman dangin Bacteroides, waɗanda ke da sinadarin da ke yanke wannan ɗauri. Sai su bi gulukos ɗin ɗaya bayan ɗaya suna tsinkewa suna cinyewa, kamar yara sun samu nonon dabino, su bar steviol tsurarsa, don shi ba sa iya farfasa shi. A gwajin da aka yi da bakteriyar hanjin mutane a ɗakin bincike, stevioside ya ƙare cikin kimanin awa 10, rebaudioside A kuwa sai da ya kai awa 24. Shi steviol ɗin hanji ke tsotse shi ya tura wa hanta, hanta ta sarrafa shi yadda zai narke a ruwa, ƙoda ta fitar da shi ta fitsari.

Ni abin da ke ba ni sha'awa shi ne, mutanen Guarani na Paraguay sun daɗe suna zuba ganyen a shayinsu tun kafin wasu masana biyu a Faransa su tace stevioside a 1931.

Ummu Khalil:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. 'Yar'uwa, ki ɗauko kwalin ki karanta bayansa. Tataccen stevia ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, don haka kamfanoni kan cakuɗa shi da wani gari ya cika cokali. In kin ga an rubuta dextrose ko maltodextrin, waɗannan kam suna ɗaga suga, tun a ƙaramin hanji ake tsotse su.

Maman Ilham:
Na duba, erythritol aka rubuta. Malam, akwai iyakar stevia da bai kamata ya wuce ba a rana?

Abu Safwan:
Erythritol ba ya ɗaga suga, Hajiya. Iyaka kuwa akwai. A 2008 kwamitin masana na hukumomin lafiya (WHO) da abinci (FAO) na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsayar da miligiram 4 na steviol ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 yana da miligiram 280 ke nan, shayin safe ba zai kai shi nan ba. Ni kunun gyaɗar ya fi damuna, saboda shinkafar da ake dama shi da ita. Ki auna sugansa awa biyu bayan ya sha, ki rubuta, ki tafi da shi wajen likitansa.