Zan kai Baba kallon ƙwallo, wace kujera zan saya mana?

Sadiku:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Zan kai mahaifina filin wasa ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma za a take leda. Ya haura saba'in, gwiwarsa ba ta son matattakala, idonsa kuma ba ya hango nesa sosai. Tikiti iri uku suka rage: layi na 3 a ƙasa a tsakiyar fili ta ɓangaren gabas, da layi na 24 a bene ta ɓangaren yamma, sai bayan raga. Wanda ya taɓa zama a ɗaya daga ciki ya taimaka min da yadda ya gani.

Na Bayan Raga:
Bayan raga kawai, mutumina. Can ake ganga, can ake waƙa, ba wanda ke zama har a tashi. Sauran wuraren na masu zuwa hutawa ne.

Malam Haruna:
Dattijo mai ciwon gwiwa za ka tura inda ba a zama? Sadiku, fara duba rana. Yawancin filaye daga arewa zuwa kudu ake shimfiɗa su, babbar rumfa kuma a yamma, don rana ta faɗi a bayan masu kallo. Wanda ya zauna a gabas ƙarfe huɗu, hannu a goshi zai yi kallon har a je hutun rabin lokaci. Layi na 3 kuma ya yi ƙasa da yawa. Faɗin fili kusan mita 68 ne, daga nan ƙasa ba ka bambance wanda ke gaba da wanda ke baya a ɗaya gefen, allon talla ma yana ɓoye ƙwallon in ta zo bakin layi. Ni daga layi na 15 zuwa 25 nake nema. Kira su ka tambaya ko benen yana da lif.

Garba Mai Haƙuri:
Lambar layi duk zance ne. Ni na biya kuɗin tsakiyar fili, a bene, a inuwa, duk yadda Malam ya zayyana. Ina zama sai ga ginshiƙin ƙarfe, wanda ke riƙe da rufin, tsaye tsakanina da ragar hagu. In na karkata dama in shiga jikin wani bawan Allah, in na karkata hagu matarsa ta harare ni. Ƙwallo uku aka ci a wasan, duka a wannan ragar. Ihu kawai nake ji, sai in juya in tambayi na bayana wa ya ci. Da na je wurin ma'aikacinsu, ya karɓi tikitin ya nuna min wani ƙanƙanin rubutu a ƙasa, wai an sanar cewa kujerar ba ta ganin fili duka. Na ce to me ya sa kuɗinta ɗaya da na maƙwabcina? Ya ce in rubuta takardar koke. Na rubuta. Har yau shiru.

Na Bayan Raga:
Yaya Garba ya sayi tikitin kallon ginshiƙi 😂 Nawa da nawa aka tashi, kai da shi?

Garba Mai Haƙuri:
Dariya ce a wurinka. Ban ma faɗi ruwan da ya riƙa ɗiga daga rufin yana sauka a wuyana ba.

Maman Hanif:
Allah ya ba da haƙuri, Yaya Garba. Sadiku ƙanena, ko wane layi ka zaɓa, nemi kujerar bakin hanya, kusa da ƙofa da bayi. Na je da yara an sa mu tsakiyar layi, duk fita sai mutum goma sun miƙe mana. Kuma benen bai fi bayan raga tsada da wani abin kirki ba.

Auwalu:
Hajiya, wane fili? Inda nake zuwa ninki uku ne.

Garba Mai Haƙuri:
Ni ninki biyu na biya, na ginshiƙin.

Malam Haruna:
Ya danganta da wasan da kuma wanda ya sayar maka. Akwai abin da ban tambaya ba: filin yana da titin tsere a kewaye? In yana da shi, bayan raga ya fita daga lissafi, don lanƙwasar titin tana jefa kujerun nesa ƙwarai. Juventus ta Italiya ta bar filin Delle Alpi mai titin tsere, ta buɗe nata filin a 2011 da kujeru dab da ciyawa. Magoya bayan West Ham kuwa tun da suka koma filin Olamfik na Landan a 2016 suke ƙorafin nisa.

Auwalu:
Malam, ka taɓa zuwa Landan ɗin, ko a talabijin ka gani? Mu da muke shiga fili kowane mako a bar mu mu yi magana.

Malam Haruna:
Kana goye nake shiga fili, Auwalu. Kyamarar da kake raina ma a tsakiyar babbar rumfa ake kafa ta, daga sama, saboda nan ne ake ganin satar fage da tsarin 'yan wasa.

Sadiku:
Na gode. Na kira, sun ce akwai lif amma ba su da tabbacin zai yi aiki ranar. Babu titin tsere. To layi na 3 da hular rana, ko in yi kasadar benen?

Auwalu:
Duk wanda ka saya, ku isa da wuri. Ni abin da ke ci min rai shi ne ka tarar da ƙato a kan lambarka, ka nuna masa tikiti ya ce ai ko'ina kujera ce.

Maman Hanif:
Wannan da sauƙi a kan masu ɗaga waya. Ana shirin buga fenariti, na gabana ya miƙe da waya sama da kansa, a fuskar wayarsa na kalli ƙwallon.

Garba Mai Haƙuri:
Ke kin ma ga ƙwallon. Kuma ma'aikatan suna tsaye suna kallonsu, ba mai cewa zauna. Wai su aikinsu duba tikiti ne a ƙofa kawai?