Yaya zan sa wayata ta yi wa sana'ata aiki maimakon ta riƙa cinye ribar?

Uwargida Mai Atamfa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar waya. Ni matar aure ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga cikin gida. Ƙanena ne yake saro mini kaya a Kantin Kwari, ni kuma in ɗauki hotunansu in ɗora a sitatus na WhatsApp, duk wadda ta ga abin da ya yi mata sai ta yi magana. Wayar Tecno ce mai gigabait 32, kuma kusan kullum sai ta sanar da ni cewa ta cika, har ta kai ina goge hotunan 'ya'yana domin in samu wurin ajiye hoton kaya. Datar da na saya da niyyar ta kai wata ba ta wuce mako biyu. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne bashi, domin yawancin ciniki ta saƙon murya ake yin sa, idan lokacin biya ya yi sai in rasa inda muka tsaya da mutum. Shin sabuwar waya ce maganin wannan, ko akwai yadda zan gyara amfani da wadda ke hannuna?

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre, kuma mafi yawan wayoyin da ake kawo mini da sunan sun cika, ba kayan mai su ne suka cika su ba, kayan jama'a ne. Duk bidiyon biki da wa'azi da barkwanci da aka tura a zaurukan da kike ciki, idan saitinsa ya ba shi dama, WhatsApp na sauke shi da kansa ko kin kalla ko ba ki kalla ba, ya cinye data a wajen saukewa, sannan ya zauna ya cinye wuri. Ki shiga saitin WhatsApp, sashen ma'adana da data, ki hana shi sauke hoto da bidiyo da sauti da kansa. A nan kuma za ki ga inda ya jera miki fayilolin da suka haura megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu; su za ki fara gogewa, ba hotunan yara ba.

Hotunan iyali kuma ki mayar da su Google Photos, manhajar da ke ajiye hotuna a intanet. Duk mai asusun Gmail yana da gigabait 15 kyauta, sai dai wannan wurin rabawa ake yi tsakanin wasiƙu da hotuna da ajiyar hirarrakin WhatsApp, don haka ki cire bidiyo daga cikin abin da WhatsApp ke ajiyewa. Game da data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, sakaci ya ƙara tsada. Ki danna *323#, lambar duba ragowar data, da safe da kuma dare na kwana uku ki ga abin da ke tafiya, sannan ki duba saitin wayar, zai nuna miki manhajar da ta fi ci. Ina kyautata zaton Facebook ko TikTok za ki tarar a sama. A ganina ba ki bukatar sabuwar waya a yanzu, kuɗin ya fi amfani a cikin jari.

Hajiya Mai Shadda:

'Yar'uwa, abin da mai gyara ya faɗa gaskiya ne, amma ni ina ganin asalin matsalar ita ce kin haɗa shago da tsakar gida a wuri guda. Na yi shekaru a irin wannan hali kafin in ware layi guda domin sana'a kawai, in ɗora shi a WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana zama a waya ɗaya da WhatsApp na yau da kullum, muddin kowanne da lambarsa. A cikinsa akwai kundin kaya, inda za ki jera hoton kowane turmi da farashinsa. Sitatus yana gushewa bayan awa 24, shi ya sa kike sake ɗora hoto ɗaya sau goma kina ƙona data, alhali kundin yana nan har sai kin cire abin da ya ƙare. Wadda ta tambayi farashi sai ki tura mata kundin, ku huta da doguwar magana.

A kan bashi, ga ƙa'idar da na kafa wa kaina. Na yarda a yi ciniki da murya, domin da yawa daga cikin abokan cinikina rubutu yana yi musu wuya, kuma ba zan kori uwa ta gari saboda boko ba. Amma da zarar mun daidaita, sai in rubuta saƙo guda: kaya kaza, kuɗi kaza, an biya kaza, saura kaza, ranar biya kaza, in ce ta amsa ko da kalma ɗaya ce. Daga nan in sa wa hirar alama mai launi da na raɗa wa suna "masu bashi". Ranar Juma'a da yamma ina buɗe wannan alama in ga kowa a jere. Murya ba a iya bincika ta, rubutu kuwa ko sunan atamfar kika tuna, kika rubuta a wurin nema, zai fito.

Sai maganar alat, wadda ba ki tambaya ba amma za ta same ki. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kusan kowa ya koma tura kuɗi, masu damfara ma suka koma can. An taɓa turo mini hoton shaidar biya har da saƙon tes mai kama da na banki, na ba yaro turmi uku ya kai, kuɗin kuma har yau ba su shigo ba. Tun daga ranar ba na sakin kaya sai na buɗe manhajar bankina da kaina na ga kuɗin sun ƙaru. Ƙaramin abu kuma: ki ɗauki hoton kaya a inuwar tsakar gida da hantsi, domin hasken ƙwai yana canza launin atamfa, kuma rigimar "ba wannan na gani ba" daga nan take farawa.

Tsohon Ma'aji:

Ina goyon bayan Hajiya a komai sai abu guda, wato dogaro da waya kaɗai wajen lissafin bashi. Na yi aikin ajiyar kuɗi har na yi ritaya, kuma ban taɓa amincewa da lissafin da ke wuri ɗaya ba. Waya tana faɗawa cikin ruwa, ana kuma ƙwace ta a hanya. Ki sayi littafi mai bango, duk dare ki kwafe abin da kika rubuta wa mutane.

Abin da ya fi wayar daraja ma shi ne layin da ke cikinta, domin da shi aka haɗa asusunki na banki, kuma ɓarawo yana iya zare shi ya sa a wata ƙaramar waya ya gwada cire kuɗi. Saboda haka ki sa wa layin kansa lambar sirri, ba allon wayar kaɗai ba. Ki kiyaye dai, idan aka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle shi, don haka ki nemo katin kafin ki fara. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ko da ya ce daga zauren Islamiyyarku yake, asusunki yake nema ya karɓe ya riƙa roƙon kuɗi da sunanki. Ki danna *#06# ki kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a bangon littafin nan, tare da lambar da ake kira a rufe asusu a bankinki.

Uwargida Mai Atamfa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi abin da mai gyara ya ce, na goge bidiyoyin zauruka, wayar ta samu sarari sosai ba tare da na taɓa hoton kowa ba. Tambaya ɗaya ta rage mini, Hajiya: abokan cinikina duk wannan tsohuwar lambar suka sani, ina tsoron idan na koma sabon layi in rasa su.

Hajiya Mai Shadda:

To ki juya abin, 'yar'uwa. Tsohuwar lambar ita za ki mayar WhatsApp Business, tunda ita kasuwa ta sani, kuma hirarrakinki za su biyo ki idan kika yi ajiyarsu kafin ki fara, kika kuma amsa lokacin da manhajar ta tambaye ki ko a kwaso su. Sabon layin shi za ki bai wa dangi da ƙawaye, su ba za su ɓata miki ba ko lamba nawa kika canza. Ki tafi da lambarki ta NIN wurin sayen layin, domin ba a yin rajista sai da ita, kuma ki fice daga zaurukan biki a tsohuwar lambar kafin ki ɗora kundin kayan.