Shin za a saurari tsohuwar 'yar rawa kan maganar ajiye makamai?

Ɗiyar Bagalam:
Assalamu alaikum. Goggona ta yi rawa a Samariya, ƙungiyar matasan Nijar, zamanin mulkin Janar Kunce. Yanzu, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, tana tara mata suna tattaunawa kan bindigogin da ke ƙetaro iyaka, amma wasu na cewa wadda ta yi rawa a bainar jama'a ba ta da bakin magana a sha'anin tsaro. Abin yana mini ciwo. Shin an taɓa ganin irin haka ya yi tasiri a wani wuri?

Tsohon malamin lakkol:
Wa alaikumus salam, 'yata. An taɓa gani a Ingila. A watan Satumban 1981 mata 36 suka taka da ƙafa daga birnin Kadif zuwa sansanin sojan sama na Greenham Common, inda aka shirya girke makamai masu linzami 96 na nukiliyar Amurka, suka kafa bukkoki a bakin ƙofa. A Disamban 1982 mata kusan 30,000 suka riƙe hannuwan juna suka kewaye sansanin. Da asubahin ranar farko ta 1983 kuma, 44 daga cikinsu suka haura shinge, suka yi rawa a kan rumbunan da ake ginawa domin makaman, aka kama su, hoton rawar kuwa ya zaga duniya. An kwashe makaman zuwa 1991.

Wani daga Tibiri:
Malam, a yi mini afuwa, amma yarjejeniyar da shugaban Amurka Regan da na Tarayyar Sobiyet Gorbachev suka sa wa hannu a 1987 ce ta kwashe makaman. Namu kuma ƙananan bindigogi ne a hannun mutanen da ba su san yarjejeniya ba. Ko wutar zaman lafiya da aka ƙona makamai a cikinta a Agadas a shekarar 2000, sai da aka sasanta da 'yan tawaye tukuna.

Inna ta Madarunfa:
Ɗana, gaskiyarka, sai dai mu da muke kwana da fargabar nan mun san cewa uwa ce ke fara lura idan ɗanta ya soma dawowa da kuɗin da ba a san asalinsu ba. Mace ba ta faɗin wannan a gaban hukuma, tana faɗa wa wadda ta saba da ita a gidan biki da suna. Ɗiyata, ki gaya wa goggonki ta zo ranar kasuwa, zan tara mata matan unguwarmu.