Mun fara waƙa a sama, mun ƙare a ƙasa: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai sofrano (siririyar muryar mata ta sama): 'Yan'uwa mawaƙa, makon jiya mun rera waƙa mai baiti huɗu. Shirin shi ne mai kibod ya ba mu ki, wato sautin da za mu ɗora waƙar a kai, ya yi shiru, sai a baiti na ƙarshe ya dawo. Da ya dawo, kai! Shi yana sama, mu muna ƙasa da kusan rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti biyu a kibod. Na ga mai koyar da mu ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Abin da ya ɗaure mini kai, ba wanda ya ji muna sauka, har ni. Ku yaya kuka yi da taku?

Tsohon mai bas (muryar maza mai kauri): 'Yata, shekara 30 ina tsaye a layin baya, kuma kullum mu 'yan bas ake ɗora wa laifi. Wani lokacin da gaskiyarsu. Amma ba a faɗuwa gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zamewa. Kowane layi a zaftare ɗan abu, kunne ya saba da sabon wurin, ya ɗauka nan ne gida. Inda na fi kama mu shi ne saukowa daga sautin do zuwa ti, a jerin sautukan do-re-mi. Rabin mataki ne kawai, amma sai mu saki murya mu yi dogon taku, in aka koma do kuma ba a kai inda aka baro. Sai sautin mi, in aka rera shi da kasala, ya ja kowa. Malaminmu na farko yakan ce: in za ka hau, buɗe taku, in za ka sauko, tsuke shi.

'Yar alto (muryar mata ta ƙasa): Baba, ku yafe wa kanku, mu ma muna ciki. Alto kan riƙe murya ɗaya ta maimaita sau biyar ko shida. Na ɗauki bitarmu a waya, na saurara a gida, kunya ta kama ni: ta farko daidai, ta ƙarshe ta sunkuya, domin numfashina ya ƙare ina ta matsowa daga maƙogwaro. Yanzu ni da ta kusa da ni ba ma shan iska tare. Ina sha tana riƙe, tana sha ina riƙe.

Teno na biyu (muryar maza ta sama): Mu da sassafe abin ya same mu, ba mu ɗumama murya ba muka hau waƙa. Ban ƙara yarda da wannan ba.

Mai koyar da waƙa: Abu biyu suka yi mini aiki. Akwai waƙar da muke yi a ki na F, kullum sai ta sauka. Na ɗaga ta da rabin mataki ban gaya wa kowa ba, ta tsaya cak. Murya ta riga ta saba da hanyar zamewa a tsohon ki ɗin. Na biyu, a bita nakan wargaza layi, in sa sofrano, alto, teno da bas su tsaya huɗu-huɗu, kowa ya ji sauran ukun. Sun tsani wannan, don ba wanda zai ɓuya a bayan wani. Ina kuma da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ke ba da sautin A, mai girgiza sau 440 a daƙiƙa. Ƙarshen kowane baiti in buga shi a gwiwa, in kai kunne, in ji ko mun sauka.

Mai sofrano: Malam, na gode. Zan kai shawarar tsayuwar huɗu-huɗu, ko da yake na san 'yan bas ɗinmu za su ce ni na kai ƙararsu.